Ceton bankuna da kuɗin gwamnati: shin gurguzu ne? Darasi daga Ghana da unguwannin Zango na Kumasi

Tsakanin watan Agustan 2017 da watan Nuwamban 2019, hukumomin Ghana sun soke lasisin bankuna tara, da kamfanonin ajiya da rance sama da 400, da kuma kamfanoni 53 masu juya wa jama'a kuɗi. Gwamnati ta ɗauki nauyin biyan waɗanda suka yi ajiya a cikinsu, ta kafa sabon banki wanda ita kaɗai ta mallaka, kuma aikin ya ci sama da sidi biliyan 21 na kuɗin al'umma.

Duk ƙasar da aka yi irin wannan, tambaya ɗaya takan taso: idan baitulmali ne ke rufe asarar kamfanoni masu zaman kansu, shin ba a shiga tsarin gurguzu ke nan ba? Ga mazauna unguwanni irin su Moshi Zango da ke Kumasi, inda jarin mutane da yawa bai wuce abin da suke juyawa a kasuwa kullum ba, tambayar ta fi ƙarfin cacar baki ta siyasa. A cikinta ne ake gane wanda aka biya da wuri, da wanda aka bari yana jira, da kuma wanda nauyin biyan ya faɗa wa a ƙarshe.

Amsar a taƙaice ita ce, ceton banki ba gurguzu ba ne, ko da yake yakan ari wasu kayan aikinsa na ɗan lokaci. Manufarsa ita ce a tallabi tsarin jari-hujja don kada ya kife.

Me ake nufi da ceton banki?

Banki ba ya kulle kuɗin masu ajiya a cikin akwati. Yana riƙe kaɗan don biyan masu zuwa cira, sauran ya ba da su rance ko ya sayi takardun lamunin gwamnati. Muddin masu cin bashi suna biya, kuma masu ajiya ba su zo a rana ɗaya ba, harka tana tafiya. Matsala na farawa ne idan basussuka suka maƙale har asarar ta cinye jarin masu bankin, ko kuma jita-jita ta sa jama'a suka yi rububin cire kuɗinsu.

A irin wannan hali hukumomi na da hanyoyi da dama, kuma dukkansu akan kira su ceto a bakin jama'a, alhali sun bambanta:

Babban banki ya ba bankin rancen gaggawa, masu shi su ci gaba da riƙe abinsu.

Gwamnati ta zuba jari ta karɓi wani kaso na hannun jarin bankin.

A kafa wata hukuma ta sayi basussukan da suka maƙale don a sauke wa bankin nauyi.

A soke lasisin bankin, a miƙa ajiyar jama'a da kadarori masu kyau ga wani banki ko ga bankin riƙon ƙwarya, gwamnati ta cike giɓin.

A rufe bankin gaba ɗaya, hukumar inshorar ajiya ta biya kowa har zuwa wani adadi, sauran a jira abin da aka samu daga sayar da kadarori.

Hanyar farko masu banki take ceta. Ta huɗu kuma masu ajiya take ceta, masu banki su rasa jarinsu. Ghana ta bi ta farko kafin 2017, ta koma ta huɗu daga baya.

Me ake nufi da gurguzu?

A ma'anarsa ta asali, gurguzu tsari ne da al'umma, galibi ta hannun gwamnati, ke mallakar manyan hanyoyin samar da arziki: masana'antu, ma'adinai, sufuri da bankuna. Ana karɓar banki ko da yana cin riba, domin manufar ita ce gwamnati ta riƙa yanke shawarar inda rance zai tafi bisa shirin raya ƙasa, kuma mallakar ta dindindin ce.

Akwai misalai a fili. Kwana ɗaya bayan sanarwar Arusha ta 5 ga Fabrairun 1967, Julius Nyerere ya mayar da dukkan bankunan kasuwanci na Tanzaniya hannun gwamnati. Sékou Touré ya fitar da Gini daga kuɗin CFA a 1960, harkar banki ta koma hannun hukuma. Mathieu Kérékou ya yi haka a Jamhuriyar Benin bayan ya ayyana aƙidar Markisanci a 1974. A Faransa ma, gwamnatin François Mitterrand ta karɓi bankuna 39 a 1982, ba don sun karye ba, sai don cika alkawarin da jam'iyyarsa ta ƴan gurguzu ta yi a lokacin zaɓe.

Da wannan ma'auni ya kamata a auna abin da aka yi a Ghana: wa ya mallaka, da wace manufa, har zuwa yaushe, kuma wa ya amfana.

Abin da ya faru a Ghana

Kafin 2017 bankunan ƙasar da dama sun riga sun jigata. Matsalar wutar lantarki da aka yi wa laƙabi da dumsor ta durƙusar da masana'antu, kamfanonin makamashi sun tara bashi, gwamnati kanta ta jinkirta biyan ƴan kwangila waɗanda su ma bankuna ke bin su. Binciken da Babban Bankin Ghana ya sa aka yi a 2015 da 2016 ya nuna wasu bankunan ba su da sauran jari. Babban bankin ya yi ta tallafa musu da rancen gaggawa, Capital Bank kaɗai ya karɓi sidi miliyan 620.

Bayan hawan Shugaba Nana Akufo-Addo, tare da Ken Ofori-Atta a ma'aikatar kuɗi da Ernest Addison a matsayin gwamnan babban banki, aka sauya salo:

14 ga Agustan 2017: an soke lasisin UT Bank da Capital Bank, aka miƙa ajiyar jama'a ga bankin GCB.

Satumban 2017: an ɗaga mafi ƙarancin jarin banki daga sidi miliyan 120 zuwa miliyan 400, aka ba da wa'adin ƙarshen 2018.

1 ga Agustan 2018: an soke lasisin uniBank, Royal Bank, Beige Bank, Sovereign Bank da Construction Bank. Aka haɗe ajiyarsu a sabon banki mai suna Consolidated Bank Ghana, ko CBG, wanda gwamnati ta kafa da jarin sidi miliyan 450, ta kuma fitar da takardun lamuni na sidi biliyan 5.76 don cike giɓi.

Janairun 2019: Heritage Bank da Premium Bank suka bi sahu. An kuma kafa asusun GAT don tallafa wa bankuna biyar na cikin gida su cika sabon jarin. Yawan bankunan ƙasar ya sauko zuwa 23.

31 ga Mayun 2019: an soke lasisin ƙananan kamfanonin ajiya da rance 347, da wasu 39 masu ba da ƙaramin rance.

16 ga Agustan 2019: an rufe matsakaitan kamfanonin ajiya da lamuni 23, ciki har da GN da kuma First Allied mai hedikwata a Kumasi.

8 ga Nuwamban 2019: hukumar kula da kasuwar hannun jari, SEC, ta soke lasisin kamfanoni 53 masu juya kuɗi.

Dalilan da babban bankin ya bayar sun haɗa da karyewar jari, da ba masu banki da makusantansu rance ba bisa ƙa'ida ba, da samun lasisi da jarin da babu shi a zahiri, da karkatar da rancen gaggawa. Wasu daga cikin masu kamfanonin, irin su Kwabena Duffuor na uniBank da Paa Kwesi Nduom na GN, sun musanta cewa an yi musu adalci, suka garzaya kotu. A ɗaya ɓangaren, kotu ta yanke wa William Ato Essien, wanda ya kafa Capital Bank, hukuncin ɗaurin shekara 15 a watan Oktoban 2023 bayan ya kasa cika yarjejeniyar mayar da sidi miliyan 90.

Yadda lamarin ya shafi Zango

Moshi Zango ta samo sunanta ne daga Mosawan da suka zo daga ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso. Kamar Aboabo, Asawase da Sabon Zango, unguwa ce da ƙabilu daban-daban suka haɗu, Hausa kuma ta zama harshen ciniki da zaman tare. Kalmar zango kanta ta fatake ce, tun zamanin da ayarin goro ke tasowa daga ƙasar Asante ta hanyar Salaga zuwa Kano.

Wannan fatauci yana da nasa tsarin kuɗi tun kafin zuwan banki. Maigida yakan saukar da baƙo, ya riƙe masa kuɗi, ya tsaya masa wajen karɓar kaya bashi, kuma idan mai saye ya ƙi biya shi ake tuhuma. Har yau cinikin shanu, albasa da hatsi da ke shigowa Kumasi daga arewa da ƙasashen Sahel bai rabu da amana irin wannan ba. Mata masu sayar da koko, tuwo ko wake da shinkafa, da masu tireda da ƴan kanikanci, da yawansu adashi suka fi sani, wanda a Ghana ake kira susu: mai karɓa yana zagayawa kullum, a ƙarshen wata ya mayar wa mutum kuɗinsa ya riƙe zubin kwana ɗaya a matsayin lada. Ƙyamar kuɗin ruwa ma ta sa wasu nesanta kansu da banki, kuma a lokacin da aka yi wannan garambawul babu cikakken bankin Musulunci a ƙasar.

Tarihi ya ƙara wannan ɗari-ɗari. Dokar korar baƙi ta Nuwamban 1969, wadda gwamnatin Kofi Busia ta kafa, ta ba marasa takardar zama mako biyu su bar ƙasar, kuma dubun-dubatar mutanen zango suka tafi suka bar gidaje da dukiya. A 1982 gwamnatin soja ta Jerry Rawlings ta janye takardar sidi 50 daga hannun jama'a, ta kuma rufe asusun da ya haura tsohon sidi 50,000 har sai an binciki mai shi. Wanda ya ga haka da idonsa ba ya saurin miƙa wa hukuma amanar kuɗinsa.

Ƙananan kamfanonin ajiya sun cike wannan gurbi ne domin sun kwaikwayi mai adashi. Suna aika ma'aikata har rumfa su karɓi zubi, ba sa neman takardu masu yawa, suna kuma alkawarin riba mai tsoka ko rance bayan wasu watanni. Shi ya sa rufe kamfanoni 347 a rana ɗaya ya fi taɓa ƙananan ƴan kasuwar Kejetia da unguwannin zango fiye da faɗuwar manyan bankuna. Ko wanda bai taɓa buɗe asusu ba yana iya shiga ciki, domin masu karɓar adashi da yawa a irin waɗannan wurare suke ajiye abin da suka tara. Kuɗin da ke cikin waya ma, kamfanonin sadarwa a bankuna suke ajiye madadinsa.

Wa aka fara biya?

A nan ne bambanci ya fito sarai. Masu ajiya a bankuna tara ba su rasa ko kwabo ba a takarda: washegari asusunsu ya koma GCB ko CBG, ko da yake wasu masu manyan ajiya na wa'adi sun sha jira.

Masu ajiya a ƙananan kamfanoni kuwa sai da suka cike takardu, aka tantance su a ofishin jami'in da aka naɗa ya tattara kadarorin kamfanonin, Eric Nana Nipah. Da farko an ƙayyade abin da za a ba kowa a hannu. A watan Fabrairun 2020 gwamnati ta sanar da sidi biliyan 5 don biyan sauran, amma masu kuɗi da yawa an ba su wani ɓangare a takardar lamuni ta shekara biyar marar kuɗin ruwa. Bayan koke-koke, aka mayar da takardun tsabar kuɗi a watan Satumba, wata uku kafin zaɓen Disambar 2020.

Abokan hulɗar kamfanonin juya kuɗi sun fi kowa daɗewa. An fara ba su wani ɓangare da bai wuce sidi 50,000 ba, kuma har a 2023 waɗanda kuɗinsu ya maƙale a Gold Coast Fund Management suna zaman dirshan a ƙofar ma'aikatar kuɗi a Accra. Waɗanda suka zuba kuɗi a kamfanin zinariya na Menzgold, wanda SEC ta dakatar a Satumban 2018, gwamnati ta ce ba za ta biya su da kuɗin haraji ba, tunda kamfanin ba shi da lasisin karɓar ajiya.

Jiran kansa asara ne. Mai sayar da hatsi da jarinta ya maƙale shekara guda ta rasa kakar ciniki, kuma wanda aka biya a makare ya karɓi sidin da darajarsa ta ragu. Hauhawar farashi a Ghana ta kai kashi 54.1 cikin ɗari a Disambar 2022.

Wa ya biya kuɗin?

Gwamnati ba ta da sidi biliyan 21 a ajiye. Mafi yawan kuɗin bashi ne ta ci ta hanyar takardun lamuni, wanda ya ƙaru a kan bashin da ke kanta. Don a ga girman adadin, kasafin 2017 ya ware wa Asusun Raya Zango sidi miliyan 219.5 ne, wato kusan kashi ɗaya cikin ɗari na abin da ceton ya ci.

A 2021 an ɗora wa bankuna harajin kashi 5 cikin ɗari na ribarsu don rage wannan nauyi. A 2022 aka kawo harajin tura kuɗi ta waya, wanda ba don bankuna kaɗai aka yi shi ba, amma ya fito ne daga matsin da baitulmali ya shiga, kuma ya taɓa har mai tura wa mahaifiyarsa kuɗin cefane. An soke shi a 2025.

Ceton bankuna na ɗaya daga cikin abubuwan da suka kumbura bashin Ghana, tare da annobar korona, da bashin ɓangaren makamashi, da rancen da aka yi ta ci a kasuwannin waje. A Disambar 2022 gwamnati ta kasa biya, ta nemi masu riƙe da takardun lamuninta na cikin gida su musanya su da sababbi masu ƙarancin riba da dogon wa'adi. Ƴan fansho sun yi zanga-zanga, har tsohuwar babbar jojin ƙasar Sophia Akuffo ta shiga cikinsu a Fabrairun 2023. Bankunan da suka fi kowa riƙe takardun sun tafka asara, babban bankin kansa ya sanar da asarar sidi biliyan 60.8 a 2022, sai aka sake kafa wani asusu don tallafa wa bankunan. A watan Mayun 2023 Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF, ya amince da rancen dala biliyan 3. Cikin shekara biyar, gwamnatin da ta ceci bankuna ta zama ita ce ta jefa su cikin sabuwar asara.

Hujjojin ɓangarorin biyu

Masu cewa gurguzu ne suna kafa hujja da abubuwa uku. Na farko, gwamnati ta zama mai banki: CBG nata ne ɗungurungum, kuma shekaru bayan kafa shi bai fita daga hannunta ba. Na biyu, hukuma ce ta zaɓi wanda zai rayu da wanda zai mutu, abin da a ƙa'idar jari-hujja kasuwa ce ke yanke shi. Na uku, an raba asarar ga kowa, har da wanda bai san ƙofar bankin ba. Suna kuma gargaɗin cewa duk wanda ya tabbata za a cece shi ba zai ji tsoron ganganci ba, walau mai banki ne ko mai ajiyar da ke bin riba mai yawa ido rufe.

Masu cewa ba gurguzu ba ne suna nuni da cewa ba a taɓa banki mai lafiya ba. Bankunan ƙasashen waje da na ƴan kasuwa sun ci gaba da aiki, wasunsu ma sun ƙara girma. CBG yana ba da rance da kuɗin ruwa irin na kasuwa, yana neman riba kamar kowa, ba a kafa shi don ya raba jari bisa wani shirin ƙasa ba. Abin da aka kare shi ne dukiyar mutum ta kansa, wato ajiyar mutum miliyan 4.6 a ƙididdigar gwamnati, kuma kare dukiyar mutum ginshiƙi ne na jari-hujja.

Siyasar Ghana ma ta nuna yadda laƙabin bai dace ba. Jam'iyyar NPP da ta kafa bankin gwamnati ita ce mai aƙidar kasuwa da mallakar kadara, magajiyar Danquah da Busia. Jam'iyyar NDC, wadda ke cikin ƙungiyar jam'iyyun gurguzu ta duniya, ita ce ta yi ta sukar aikin da cewa ya kashe kamfanonin ƴan ƙasa da ayyukan yi, kuma da an kashe ƙasa da haka an gyara su. John Mahama ya yi alkawarin sake duba lasisin da aka soke ba bisa adalci ba.

Masu ra'ayin gurguzu na gaske su ma ba sa ɗaukar ceto a matsayin nasu. Abin da suke cewa shi ne, lokacin riba masu jari ke ci su kaɗai, lokacin asara sai a tuna da al'umma. Bahaushe ya riga ya yanke hukunci a kan irin wannan: kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Ƙa'idar ciniki a fiƙihun Musulunci ma haka take, mai cin riba shi ke ɗaukar asara.

Lokacin da Ghana ta gwada bankunan gwamnati

Ghana ta san abin da ya fi kusa da gurguzun banki. Bankin GCB ya samo asali daga wanda aka kafa a 1953, kuma a zamanin Kwame Nkrumah ya zama hannun gwamnati wajen ba kamfanoninta rance. An kafa bankin zuba jari na ƙasa, NIB, a 1963, da bankin raya noma a 1965, don tura kuɗi inda shirin ƙasa ya nufa. A zamanin Janar Acheampong gwamnati ta karɓi kashi 40 cikin ɗari na Barclays da Standard, kuma hukuma ce ke ƙayyade kuɗin ruwa da ɓangarorin da za a ba rance.

Waɗannan bankuna sun kai rassa garuruwan da bankunan Turawa ba su damu da su ba, sai dai su ma sun cika da basussukan da ba a biya. Daga 1988, ƙarƙashin shirin gyaran da Bankin Duniya ya tallafa, aka kwashe basussukan aka miƙa wa wata hukuma ta musamman, aka sake zuba musu jari. A shekarar 2000 aka rufe bankin gidaje da gine-gine da bankin haɗin kai, dukkansu na hukuma. Wato Ghana ta ceci bankunan gwamnati a wancan lokaci, ta ceci masu ajiya a bankunan ƴan kasuwa bayan shekara talatin. Abin da ya haɗa lokutan biyu shi ne rance ga masu uwa a gindin murhu da raunin sa ido.

Najeriya, Nijar da sauran duniya

A Najeriya, ranar 14 ga Agustan 2009, gwamnan babban banki Sanusi Lamido Sanusi ya kori shugabannin bankuna biyar ya zuba musu naira biliyan 420, daga baya jimillar ta kai biliyan 620. A 2010 aka kafa hukumar AMCON don sayen basussukan da suka maƙale. A 2011 gwamnati ta karɓi bankuna uku ta sauya musu suna zuwa Mainstreet, Keystone da Enterprise, sannan ta sayar da su ga ƴan kasuwa cikin ƴan shekaru, abin da gwamnatin gurguzu ba za ta yi ba. Skye Bank da ya sayi Mainstreet ya faɗi a 2018, Heritage Bank na Najeriya da ya sayi Enterprise aka soke lasisinsa a watan Yunin 2024.

A Nijar, bankin raya ƙasa na BDRN, wanda gwamnati ke da iko da shi, ya durƙushe bayan faɗuwar farashin yuraniyom da tarin basussukan da ba a biya ba. An rushe shi a 1990, SONIBANK ya maye gurbinsa. A Benin, bankunan da Kérékou ya karɓa sun karye a ƙarshen shekarun 1980, jama'a suka kasa cire kuɗinsu. Wannan guguwa ce ta sa ƙasashen CFA na yammacin Afirka suka kafa hukumar sa ido kan bankuna ta bai ɗaya a 1990.

A Amurka aka fi yayata kalmar gurguzu. Bayan faɗuwar Lehman Brothers ranar 15 ga Satumban 2008, gwamnatin George W. Bush ta samu amincewar majalisa kan dala biliyan 700, kuma wasu ƴan jam'iyyarsa ta Republican suka kira shirin gurguzun kuɗi. Bankunan sun mayar da abin da aka ba su har da riba, suka koma hannun masu su, yayin da miliyoyin iyalai suka rasa gidajensu. A Birtaniya gwamnati ta karɓi mafi yawan hannun jarin Royal Bank of Scotland a 2008, ta sayar da na ƙarshe a 2025, a kan asara.

Abin da mai ajiya ya kamata ya sani

Ceton da aka yi a Ghana shawara ce ta siyasa, ba haƙƙi ba ne da doka ta tabbatar wa kowa. Abin da doka ta tanada shi ne inshorar ajiya. Hukumar kare ajiya ta Ghana ta fara aiki a 2019, kuma a lokacin iyakar abin da take biya sidi 6,250 ne ga mai ajiya a banki, da sidi 1,250 ga mai ajiya a ƙananan kamfanoni. Najeriya tana da hukumar NDIC, wadda ta biya masu ajiya a Heritage har naira miliyan 5 kowanne, ƙasashen CFA ma suna da asusun lamunin ajiya na bai ɗaya. Duk abin da ya haura iyakar, sai abin da aka samu daga kadarorin bankin, ko kuma abin da gwamnatin lokacin ta ga dama.

Saboda haka, kafin mutum ya miƙa kuɗinsa, yana da kyau ya tabbatar sunan kamfanin yana cikin jerin masu lasisi da babban banki ke wallafawa, kuma lasisin na karɓar ajiya ne, domin rajistar kamfani kawai ba ta wadatar ba. Ya tambayi mai adashinsa inda yake kai kuɗin. Ya adana littafin zubi da rasit, tunda da su aka tantance masu ajiya a 2019, kuma sunan da ke kan asusu ya dace da na katin shaida, musamman ga ƴan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin ƙasashe. Ribar da ta zarce ta takardun lamunin gwamnati nesa ba kusa ba alama ce ta haɗari. Ga mai jari mai ɗan kauri, raba shi gida biyu ko uku ya fi tara shi wuri ɗaya.